Hanza ta raine mu, lakwal ta koya mana jin kunyarta



Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da alli a Damargu. Na fara a ajin zana a wani ƙauye gabas da Tanut, yanzu ina koyarwa a wani gari na kwarin Tarka, cikin gundumar Balbeji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya faru ne a ajina cikin watan Mayun bara. Wata yarinya ta zo da dilo ƙulle a leda, kakarta ta dafa mata da ɗan mai da yaji don ta ci lokacin shan iska. Tana kwancewa yara suka fashe da dariya: "Gidan su wance gero ya ƙare, sun koma cin hanza!" Yarinyar ta mayar da ƙullin cikin jaka. Washegari ba ta zo da komai ba, ta zauna haka nan har aka tashi. Ta gwammace cikinta ya yi ƙugi da a sake ganinta da abincin da ya raini uwarta.

Na ɗaga murya zan tsawata, sai na tuna cewa ni ne malaminsu. Na ce kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta sunayen itatuwa da ciyayin da yake wucewa tsakanin gida da lakwal. Wanda ya fi ƙoƙari ya kawo bakwai, ɗaya daga ciki ma dogon yaro ne, baƙon icce da aka kawo daga Indiya. Yaran nan kuwa za su rera maka sassan fure da Faransanci ba tuntuɓe, daga zanen wani furen da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar nan. Wa ya koya masu wannan ya hana su wancan? Mu ne.

Ina da shekara biyar lokacin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari. Abin da ya zauna mini a kai shi ne ƙorai jere a gindin rumbu. Kakata tana jiƙa ƙwayar hanza, ta zubar da ruwan, ta zuba wani, kwana da kwanaki, tana ɗanɗanawa da bakin harshe. Sai ta tabbata ɗacin ya fita sarai take yarda a ɗora tukunya, don ta san wanda ya yi gaggawa zai kwanta ciwo. Ta san gindin da ƴaƴansa suka fi girma, ta san lokacin tsinka, ta san ganyen jiga da na yaɗiya da za a haɗa a cika ciki. Da wannan sanin muka ga damina. Na shiga makarantar horon malamai na fito, ban ji an ambaci hanza ko sau ɗaya ba.

Wani zai ce: to malam, mene ne haɗin wannan da jami'a? Haɗin kai tsaye ne. Malami abin da aka koya masa yake koyarwa. Mai koyar da SVT a CEG daga jami'a ya fito. Wanda ya horar da ni a makarantar horon malamai daga jami'a ya fito. Masu rubuta littattafan da ke kan teburina ma haka. Abin da aka zuba a manhajar nazarin tsirrai a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, shi ne ke gangarowa, bayan shekara goma, cikin kayen yaron Tarka. In ruwa ya gurɓace a rijiya, kada a zargi tulu.

Jami'o'in namu kuwa ba su kaɗai suke wannan aiki ba. Nazarin tsirrai fanni ne mai cin kuɗi da kayan aiki, shi ya sa ake yin sa da abokan hulɗa. A 2006 Faransa ta ƙaddamar da shirin Sud Expert Plantes, wanda ya tallafa wa ma'ajiyoyin busassun tsirrai da horar da ɗalibai a ƙasashe 22 na Afirka da Asiya. Daga 2010 zuwa 2015 Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta yi aiki da Jami'ar Aarhus ta Danmark da wasu jami'o'in Afirka ta Yamma da Jamus a shirin UNDESERT, kan lalacewar ƙasa da tsirran da mutane ke amfani da su. Lambun tsirrai na Kew da ke Landan, mai bankin irin da aka buɗe a 2000, ya haɗa hannu da cibiyoyin irin itatuwa na Burkina Faso da Mali da Nijar a aikin ganuwar itatuwa ta Sahel. A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar ICRISAT na da bankin irin gero da dawa. Tun 2010 kuma muna da jami'a a Maraɗi da sashen noma da muhalli, muna da tamu a Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu za ta zauna tsara ko gyara karatun tsirrai, akwai baƙo a gefen tabarma, da kuɗinsa da littattafansa.

A majalisun shayi ina jin mutane iri biyu kan wannan batu. Akwai masu cewa duk Baturen da ya tsuguna gindin icce ɓarawo ne, a rufe ƙofa, mu yi abinmu. Akwai masu ganin duk takardar da ta zo da tambarin waje alheri ce, a sa hannu kafin mai ita ya sake shawara. Ban yarda da ko ɗaya ba. Masu cewa a rufe ƙofa su gaya mini inda za mu samu madubin ƙara girma, da ɗakin awon sinadarai, da littattafan tantance tsirrai da aka yi shekara ɗari ana tarawa. Ma'ajiyar Kew na da busassun tsirrai kimanin miliyan 7, ta Paris kimanin miliyan 8, kuma cikinsu akwai namu da yawa da aka kwasa tun zamanin mulkin mallaka. Wanda ya yi fushi da su ya yi fushi da kayansa. Amma masu saurin sa hannu su ne na fi jin tsoro, don su ne ke kan kujeru. Maganata ɗaya ce: a yi hulɗa, amma duk karatun tsirran da aka gina da baƙo, in bai fara daga gindin hanza ba, in kuma bai dawo hannun malamin ƙauye da harshen da yara ke ji ba, to kwasar ilimi aka yi, ko da an kira shi haɗin gwiwa.

Ku dubi tarihin abin. A 1916 wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. A 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda Kew ta sake faɗaɗawa daga baya. A nan Nijar, Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirrai da harsunanmu a shekarun 1970. Aiki ne mai kyau, ba na ƙi. To amma daga bakin wa suka ji? Daga manoma da makiyaya da mata masu tsinkar ganye da masu magani. Sunayen waɗannan mutane ba su shiga littafi ba, littattafan kuma ba su shigo ajina ba. Ko sunayen kimiyyar ma abin dubawa ne. Hanza ita ce Boscia senegalensis: an raɗa mata sunan wani Bafaranshe mai suna Bosc, aka jingina ta ga Senegal. Aduwa, Balanites aegyptiaca, an ba Masar. Gawo kuwa, iccen da ake ba da labarin sarakunan Damagaram sun hana sara da hukunci mai tsanani, sunansa Faidherbia albida, daga Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Ba cewa nake a canza sunayen ba. Cewa nake a koya wa ɗalibi yadda aka yi suka samu, don ya san wanda ya raɗa suna ba shi ya haifi ɗa ba.

Abin bai wuce ba. Shekaru kaɗan da suka wuce, wata mota ta tsaya a garin da nake koyarwa a lokacin. Malamin jami'a ɗaya, baƙi biyu, ɗalibai huɗu. Mai gari ya ce in yi masu tafinta. Kwana uku muna yawo da wata tsohuwa, Iya muke ce mata, tana nuna masu wannan na zawo ne, wannan na nono ne, wannan in raƙumi ya ci da yawa cikinsa ya kumbura. Suka cika littattafai, suka danne ganyaye cikin tsofaffin jaridu, suka ɗauki hotuna. Ranar tafiya aka ba ta jika biyu da sabulu. Mutanen kirki ne, sun yi ladabi, sun yi alkawarin aiko da sakamako. Iya ta rasu, ba mu ga ko takarda ɗaya ba. Na tabbata wani ya samu digiri da maganarta. Jikokinta kuma suna zaune a aji ana koya masu cewa ilimin tsirrai a Turai ya fara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaliban nan huɗu, ƴaƴan ƙasar nan, Hausa a bakinsu, amma sun tsaya baya suna jiran in fassara, kamar in suka yi magana da tsohuwa kai tsaye karatunsu zai zube.

Wannan kunyar an gina ta ne, ba da ita aka haife mu ba. Ku tuna 2005. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, yunwa ta yi, yara sun mutu, ba mai musun wannan. Amma gidajen talabijin na waje sun ɗauki hoton mata suna gyaran hanza suka nuna wa duniya a matsayin shaidar cewa mun kai ga cin dafi. Har sai da wani gidan talabijin na Norwe ya yi shiri a 2008 yana ƙalubalantar yadda aka ba da labarin. Mu da muka yi boko mun ji kunya, muka sauke kunyar kan iyayenmu. A ƙasar da ruwan sama bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, ƙasar da ke bakin iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, mun yarda cewa abinci shi ne gero kaɗai, sai shinkafar taimako. Lalle Damargu ƙasar gero ce. Heinrich Barth da ya ratsa ta a watan Janairun 1851 ya same ta tana ciyar da Abzin. Amma kakanninmu ba su taɓa dogara da ƙafa ɗaya ba. Bayan rumbu akwai hanza, akwai aduwa, magarya, kurna, jiga, gasaya, tafasa, har ƙwayar ƙarangiya in abu ya yi tsanani.

Kuma wace kimiyya ce babu a gindin hanza? Me ya sa take kore shar a tsakiyar rani alhali komai ya bushe? Ga darasin saiwa da ganye da yadda tsiro ke tattalin ruwa. Me ya sa ƴaƴanta ke nuna daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ƙarshen bazara zuwa farkon damina? Ga darasin fure da lokaci. Me ke fita cikin ruwan da kakata ke zubarwa? Ga darasin narkewa da sinadarai. Tsofaffinmu na sa ganyenta cikin hatsi don korar ƙwari. A farkon shekarun 1990 masu bincike na Senegal da Beljiyam suka auna abin, suka gano ganyen da ƴaƴan na fitar da wani tururi da ke kashe ƙwaron wake in an rufe su tare. Wannan ita ce hulɗar da nake so: tsohuwa ta faɗa, ɗakin gwaji ya auna. Saura mataki na uku, wato sakamakon ya dawo gida. Shekara talatin da yin binciken, manomin Gangara na sayen maganin ƙwari a kasuwa wanda bai san abin da ke ciki ba, ga hanza a bakin gonarsa, ɗansa kuma bai taɓa jin labarin a lakwal ba.

Kada a ce mini ilimi ba ya iya dawowa. Mun ga ya dawo. A Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, in an bar tsiro ɗaya ko biyu an gyara zai zama icce. Manoma suka karɓi sassaben zamani suka yi ta koya wa juna, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin ƙasar. Wanda ya bi ta Mirya zuwa Magarya ya ga gawo cikin gonaki ya san ba tatsuniya ba ce. A nan ƙofar gidanmu, a Dalli kudu da Tanut, gidauniyar Eden ta kafa tashar gwaji tun ƙarshen shekarun 1980. Ta riƙa gwada itatuwan daji masu ba da abinci, tana ba manoma iri kyauta su shuka kai tsaye a gona, ba leda ba ban ruwa. A Damagaram, tun 2014, kamfanin Sahara Sahel Foods na sayen hanza da aduwa da magarya daga hannun matan karkara yana sarrafawa. Ga makaranta buɗe a fili, kusan shekara arba'in ta gwaji cikin yashinmu da iskarmu. Duk manhajar tsirran da za a koyar a jihar nan ba a kawo ɗalibi ya ga wannan ba, an tsallake gida an tafi neman wuta maƙwabta.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu nema, da murya ɗaya, duk lokacin da jami'a za ta sa hannu da wani lambun tsirrai ko cibiyar waje.

Na farko, karatu ya fara daga nan. Tun shekarar farko ɗalibi ya fita daji, da damina da rani, ya san kandili da bagaruwa da ɗakwara da sabara da kalgo a tsaye kafin ya gan su a danne. Ya san geron ankutes na Damargu da dalilin da ya sa manomanmu suka riƙe shi, ya san ƙuduji da yadda yake shan jinin gero ta ƙarƙashin ƙasa. Bayan haka a kai shi dazukan Kwango da na Amazon a littafi, ba laifi. Wanda bai san hanyar gidansu ba ba a aikensa kasuwar nesa.

Na biyu, duk ganyen da aka tsinka a danne biyu, ɗaya ya zauna a Damagaram. Jami'ar Yamai na da ma'ajiyarta, kuma masana irin su Farfesa Mahamane Saadou sun ƙarar da shekarunsu kan tsirran ƙasar nan. Jihar Damagaram ma ta cancanci tata, wadda malamin firamare zai iya shiga da ɗalibansa ba tare da takardar izini daga sama ba. Hotunan tsirranmu da ke Paris da Landan, waɗanda da yawansu ke intanet, a kwafo su a ajiye a nan inda ba sai an nemi rezo ba.

Na uku, kowace takardar tsiro ta ɗauki sunan Latin, sannan na Hausa, na Tamajak, na Fulatanci, na Barbarci, don Damargu ta mu duka ce, kuma Buzu da Bafillace sun san ciyawar da Bahaushe manomi bai sani ba. A rubuta sunan wanda ya ba da bayani in ya yarda, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin da aka gayyato, ba kuɗin goro ba. Wannan ba roƙo ba ne. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Nijar na cikinta, ta tanadi cewa ba a ɗaukar tsiro ko ilimin gargajiyar da ke tare da shi sai da yardar masu shi da rabon amfani. A Afirka ta Kudu, a 2019, masu sana'ar shayin rooibos sun amince su riƙa ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin ganyen, don sanin nasu ne tun asali. Ranar da man aduwa ko garin hanza zai yi daraja a kasuwar duniya, wace takarda ce za ta tuna da matan Tarka?

Na huɗu, kuma shi ne ya fi damuna: a buɗe wa malaman firamare da na CEG ƙofa. Sati biyu cikin babban hutu, a tara mu a Tanut ko Balbeji, a koya mana danne tsiro da tantance shi. A shigar da darasin cikin makarantun horon malamai. A fitar da ƙaramin littafi mai hotuna, tsirrai hamsin na yankinmu, da Hausa, a ba kowace lakwal ko kwafi biyar ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To harshen ƙasa da ba a iya koyar da saiwa da fure da shi, a takarda kawai yake. Wane fanni ne ya fi sauƙin farawa da shi kamar wanda kalmominsa ke bakin kowace uwa?

Na biyar, duk ɗalibin da ya rubuta kundin digiri da bayanan wani gari, kada a ba shi takardarsa sai ya koma garin ya faɗi abin da ya gano, a dandali ko a rediyon karkara, ya bar shafi biyu da Hausa a hannun daraktan lakwal. Kuma tun ranar sa hannu a tambayi baƙo: in shekarunka uku ko biyar sun cika, kuɗi suka tsaya, me zai rage, wa zai riƙe? Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mun ga yadda hulɗa da wasu ƙasashe ta yanke dare ɗaya a ƴan shekarun nan. Abin da aka dasa cikin kan malamai da yara ne kaɗai ba ya shiga jirgi ya tafi.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce ba kuɗi. Danne tsiro na bukatar katako biyu, tsofaffin jaridu da igiya. Kuɗin taron bita ɗaya a otal a Yamai zai buga wancan ƙaramin littafin. Za a ce kimiyya ta duniya ce, ba ta ƙauye ba. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a jefar da Latin ba, don da shi ne ɗanmu zai yi magana da ɗan Indiya su san icce ɗaya suke nufi. Amma duniyar ma daga wani ƙauye kowa ya shige ta. Za a ce cikin maganar tsofaffi akwai camfi. Akwai ƙwarai. Na ga yaron da aka ɗura wa jiƙo har ya galabaita, kowa kuma ya san abin da ruwan tumfafiya ke yi wa ido. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa muke bukatar jami'a da ɗakin gwajin abokan hulɗarta, su tace mana tsaba daga tsakuwa, su gaya mana wanne ne magani, wanne ne guba, kuma nawa ne ƙima. Wanda ya raina ilimin tsohuwa gaba ɗaya ya bar ta da cutarwarsa, ya hana mu amfaninsa.

Yanzu gare ku iyaye. Ku ma da laifinku. Sau nawa na ji uba na cewa, "Na sa shi lakwal don kada ya sha wahalar da na sha," sannan in yaro ya tambayi sunan wata ciyawa a ce masa ya je ya yi karatunsa? Kuna ɓoye dilo in baƙo ya zo, yaro na kallo. Ba na yi maku alkawarin cewa duk wanda ya karanta tsirrai zai samu ofis da mota. Amma ku ƙirga yaran garinku da suka samu BEPC, nawa ne gwamnati ta ɗauka? Sauran suna ina? Wasu na Agadas, wasu na wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya da Aljeriya, wasu sun dawo gonar da ba su iya karantawa ba. Yaron da ya san irin da ake tarawa, da lokacin tara shi, da yadda ake raya icce ba ban ruwa, yana da abin yi a hannunsa ko da albashi ko babu. Malam, in za ka gona ranar da ba lakwal, tafi da shi, kira masa sunan kowane icce. Inna, in za ki jiƙa hanza, zaunar da ɗiyarki ta ƙirga kwanakin. A taron iyayen yara kuma ku tambayi darakta: me ake koya wa ƴaƴanmu game da dajinmu?

Ku kuma ƴan'uwana masu alli, kada mu jira jami'a. Mu da aka rataya wa sambol a wuya don mun yi Hausa a filin lakwal, mun san zafin abin, bai kamata mu miƙa shi gaba ba. Bayan abin da ya faru a ajina na je na gaida kakar yarinyar nan, na roƙe ta ta zo. Da farko ta ƙi, ta ce ita me ta sani da za ta tsaya gaban ƴan boko. Da ta zo, ta zo da rassa goma sha ɗaya cikin zane. Yara suka danne su cikin tsofaffin kaye, suka rubuta suna da amfani da inda aka tsinko. Wani yaro Buzu ya ba mu sunayen shida da Tamajak, shi da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ba zan ce dariya ta ƙare ranar ba, yara yara ne. Amma kayen na nan cikin akwatina, yanzu tsirrai talatin da huɗu ne, uku daga ciki na kasa samun sunansu na kimiyya don ba ni da littafin dubawa, ba ni da wanda zan tambaya.

Waɗannan ukun nake riƙe wa jami'a. Duk malamin tsirrai da ya karanta wannan, a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, in za ka zauna da abokan hulɗarka, ka tuna akwai malamai a Damargu da ke da tambayoyi da kaye cike da ganye. Hanyar Tanut ba ta wuce kilomita 150 daga Damagaram ba. Ku zo da baƙin naku, za mu shimfiɗa masu tabarma, mu ba su dilo su ci. Amma wannan karon a bar mana kwafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a.